Alƙalami Kafin Gatari: Amanar da Ke Wuyan Malamin Daji

  Gaisuwa ta musamman ga mutanen Kurmin Mashi a garin Kaduna da maƙwabtansu na Badiko da Unguwar Sanusi da Mando, domin zancenmu na yau daga ƙofar gidansu zai tashi.

Sunan Kurmin Mashi ma ya ishe mu mabuɗin magana. Bahaushe ba ya kiran wuri kurmi sai inda itatuwa suka yi cinkus, suka haɗa kai a sama har rana ba ta samun ƙasa sosai. Yau wanda ya tsaya a bakin titin Nnamdi Azikiwe ya waiga dama da hagu, kwano da bulo da kwalta zai gani, kurmin kuwa sai a suna. Ban kawo wannan don kuka ba, gari dole ya girma, kuma mutum ya fi itace daraja. Abin lura shi ne kurmin matsawa ya yi, kuma har gobe muna cin sa. Motocin itace da na buhunan gawayi suna shigowa ta Mando daga yankin Buruku da hanyar Birnin Gwari. Da kayansu mai shayi yake hura wuta, da su mai gidan burodi da mai tsire da uwargida a madafa suke aiki. Katakon da kafinta ke yin ƙofa da shi, da wanda ake ɗora wa kwano, duk daga wani daji suka fito. To, tsakanin wancan daji da murhunmu akwai mutumin da gwamnati ta ajiye, tana biyan sa da kuɗin jama'a, don ya ce wannan a sare, wancan a bari. Shi ne malamin daji, da dogaran dajin da ke ƙarƙashinsa. Magana ɗaya nake so in kafa a kansa yau: gandun daji yakan mutu a kan takarda kafin ya mutu a ƙasa. Alƙalami ke riga gatari isa gindin itace. Duk ɗa'ar wannan aiki tana rataye ne a kan gaskiyar abin da ma'aikaci ya sa wa hannu.

Dalilin da ya sa na ɗora nauyin a nan shi ne, aikin daji ya sha bamban da sauran ayyukan amana. Idan likita ya yi sakaci, majiyyaci ko danginsa za su gani cikin kwanaki. Idan magini ya ha'inci siminti, damina biyu ta isa ta tona masa asiri. Malamin daji kuwa, laifinsa ba ya bayyana sai ya daɗe da barin wurin. Kaɗanya takan kai wajen shekara 15 kafin ta fara ba da 'ya'ya, kuma tana iya rayuwa fiye da shekara 200. Maɗaci yakan ɗauki shekaru da dama kafin ya isa katako. Wanda ya ba da izinin kayar da su yau, za a yi masa canjin wurin aiki, ya samu ƙarin girma, ya yi ritaya, ya ci fansho, kafin zaizayar ƙasa ta fara cin gonakin da ke gefen gandun. Itace ba ya kai ƙara. Wanda aka fi cuta ma ba a haife shi ba tukuna, balle ya rubuta koke. Ilimin gandun daji na zamani kansa a kan wannan matsala aka gina shi. A 1713 wani jami'in haƙar ma'adinai a yankin Sakson na ƙasar Jamus, Hans Carl von Carlowitz, ya ga ramukan azurfa da matatunsu suna neman cinye dazukan yankin, sai ya rubuta littafi yana kafa ƙa'idar cewa kada a sari fiye da abin da daji zai iya mayarwa. Ƙa'ida ce mai sauƙin faɗi. Amma wa zai san abin da dajin ke iya mayarwa? Sai wanda ya shiga ya ƙirga, ya auna, ya rubuta. Idan shi ya yi ƙarya, babu wani ma'auni a bayansa.

Masu saurare, bari mu bi aikin daki-daki mu ga inda ƙarya ke samun wurin zama. Gandun daji yana da iyaka da aka auna, aka kafa mata turaku, aka buga a gazet. Yana da ƙidayar itatuwan da ke cikinsa, iri-iri da girmansu. Akwai kaurin da itace zai kai kafin a halatta sare shi, kuma a daidai ƙirjin mutum ake zagaya shi da awo. Akwai guduma mai tambari da ake buga wa gungume don shaidar cewa da izini aka kayar da shi. Akwai takardar izini mai adadi, akwai rasit. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙofa ce, kuma makullinta yana aljihun ma'aikaci. Takardar itace goma tana iya rakiyar itace hamsin, idan mai duba mota ya ga dama ya kau da kai. Takarda ɗaya tana iya yin sahu uku idan ba a soke ta ba. Turken iyaka yana iya matsawa taku ashirin bana, taku ashirin baɗi, kuma a rahoton shekara a rubuta cewa iyaka tana nan lafiya. Ba a cinye gandu a wuni ɗaya. Nan kusa da mu akwai gandun dajin Afaka, da aka keɓe tun zamanin Turawa, kuma masu bincike da suka kwatanta hotunan tauraron ɗan'adam na shekaru daban-daban sun nuna yadda gonaki da gine-gine da saran itace suka yi ta rage shi. Dalilan suna da yawa, garin Kaduna kansa yana tunkuɗowa. Sai dai kowace gona da ta shiga cikin gandu, ko dai wani ya gani ya rubuta, ko ya gani ya yi shiru. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Wanda yake ganin na cika girmama takarda, ya dubi abin da ya faru da madobiya. Wannan itace da ke dazukanmu, wanda makiyaya suka san daɗin ganyensa ga dabbobi lokacin rani, sai ga kasuwarsa ta buɗe a ƙasar Sin, inda ake yin kayan ɗaki masu tsada da jan katakonsa. Cikin 'yan shekaru aka afka masa, musamman a Jihar Taraba da kewayenta, har Nijeriya ta shiga sahun gaba wajen fitar da shi. Daga farkon 2017 aka sa shi ƙarƙashin kariyar yarjejeniyar CITES, wadda ke kula da cinikin dabbobi da tsirran da ke fuskantar ƙarewa. Ma'ana ba za a fitar da shi ba sai da takardar da ke shaida cewa an sare shi bisa doka, kuma saran ba zai cutar da irinsa ba. A ƙarshen shekarar wata ƙungiya mai binciken laifukan muhalli, EIA, ta fitar da rahoto tana zargin cewa an ba da dubban takardu bayan kaya sun riga sun bar ƙasa, aka wanke gungume wajen miliyan 1.4 da darajarsu ta kai dala miliyan 300. Hukumomin da abin ya shafa sun musanta aikata ba daidai ba. Amma a 2018 CITES ta dakatar da cinikin madobiya daga Nijeriya, saboda ba a gabatar mata da gamsasshiyar hujjar kimiyya ba cewa dajin zai iya ɗaukar wannan sara. Ku lura da kyau: abin da ke buɗe wa kwantena ƙofar tashar jiragen ruwa a can Sin takarda ce. Masu injin yanka a ƙauye ladan gumi kawai suka samu. Hannun da ya sa tambari shi ya mayar da gungume kuɗi.

Ƙidaya ma haka take. A rahotonta na 2010, Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta ce dajin Nijeriya ya kai hekta miliyan 9, kuma ana asarar wajen hekta 410,000 a shekara. A rahoton 2020 sai ta ce ya haura hekta miliyan 21, asarar kuma wajen hekta 163,000. Dajin bai ninka ba a cikin shekara goma. Ma'auni da bayanan da aka yi amfani da su ne suka sauya. Ban ce wani ya yi ƙarya a nan ba. Abin da nake nunawa shi ne, ko da niyya mai kyau, sanin yawan dajin ƙasa abu ne mai wuya, to ina ga an haɗa da son rai? A matakin ƙasa-ƙasa kuwa kowa ya san yadda bikin dashen itatuwa yake: a kafa rumfa, babban baƙo ya dasa ɗaya, a ɗauki hoto, a sanar da adadi mai daɗin ji. Ma'aikacin da ya san aikinsa ya san cewa a yankin Kaduna dashe yana son watan Yuni ko Yuli, lokacin da damina ta kankama, don saiwa ta kama kafin hunturu. Ya san dashen ƙarshen Satumba, in babu ban-ruwa da shinge, abincin awaki da gara ne. Ya san adadin da ke da ma'ana shi ne na waɗanda suka tsallake rani na farko. Idan aka dasa dubu, ɗari biyu suka rayu, ɗa'ar aikinsa ita ce ya rubuta ɗari biyu. Rubuta dubu sata ce sau biyu: an ci kuɗin bana, an kuma hana a gano kuskuren da za a gyara baɗi.

Gaskiyar alƙalami tana da 'yar'uwa da ba sa rabuwa, ita ce adalci wajen zartar da doka. Abin da ya fi zubar da mutuncin wannan aiki a idon talaka shi ne ganin an ƙwace gatarin tsohuwa mai ɗan dami, alhali tirela ta wuce da gaisuwa. Wannan ba sabuwar jarrabawa ba ce. A cikin Muwaɗɗa ta Imam Malik da Sahihul Bukhari akwai labarin yadda Halifa Umar ɗan Haɗɗabi ya naɗa wani bararren bawansa mai suna Hunayyu ya kula da hurumin da aka keɓe don dabbobin baitulmali. Umarnin da ya ba shi, a taƙaice, shi ne ya sassauta wa mutane, ya ji tsoron addu'ar wanda aka zalunta, ya bar mai 'yan raƙuma da mai 'yan tumaki su shiga, amma ya yi hattara da garken Abdurrahman ɗan Aufu da na Usman ɗan Affan, domin su ko dabbobinsu sun hallaka suna da gonaki da dabinon da za su koma wa, talaka kuwa ba shi da komai. Ku dubi sunayen da ya ambata: manyan sahabbai ne, attajirai, na kusa da shi. A ganina da wuya a samu tsarin ɗa'ar mai gadin daji da ya fi wannan tsufa da fayyacewa. Mu kuma sau da yawa juya shi muke yi, doka ta yi tsauri a kan mai dami, ta yi laushi a kan mai tirela.

Kada a ɗauka wannan tausayi ne kawai. Dajin kansa yana amfana da adalcin, kuma hujja tana maƙwabta. A ƙasashen da Faransa ta mulka, dokar daji ta 1935 da waɗanda suka gaje ta sun mayar da itatuwa tamkar mallakar gwamnati, har manomi yana iya shan tara don ya sassabe reshe a gonarsa. A Mali an kai ga ma'aikatan daji suna samun wani kaso daga tarar da suka ci mutane, sai tara ta zama sana'a. Da gwamnatin Musa Tarawore ta faɗi a 1991, suna cikin waɗanda fushin mutanen karkara ya fara sauka a kansu. A Nijar kuwa manoma sun koyi tumɓuke tsiron itace tun yana ƙarami, don kada ya girma ya jawo musu hukuma. Daga wajen 1983 a yankin Maraɗi aka fara ƙarfafa abin da ake kira sassabin zamani, wato manomi ya bar tohon kututturen da ke gonarsa, ya zaɓi masu ƙarfi ya rene su. Wani ɗan Ostireliya mai suna Tony Rinaudo yana cikin waɗanda suka yaɗa dabarar. Abin da ya ba ta ƙafa shi ne sassaucin da jami'an daji suka yi, har manomi ya yarda cewa itacen da ya rena nasa ne; daga baya dokar daji ta 2004 ta ƙarfafa wannan haƙƙi. An ƙiyasta cewa itatuwa wajen miliyan 200 sun dawo a fili mai faɗin hekta miliyan 5 a yankunan Maraɗi da Damagaram. Gawo da sauran itatuwan da tara ta kasa tsarewa, yarda ta dawo da su.

To, na san akwai ma'aikacin daji da ke saurare yana girgiza kai, yana cewa malam, kai a ɗakin rediyo kake. Albashina bai kai ƙarshen wata ba, ba ni da babur, ba ni da mai, an ba ni dajin da ba zan iya zagaye shi a mako guda ba. Wannan gaskiya ce, kuma laifi ne a wuyan gwamnatocin da ke ɗaukar sashen daji a matsayin wurin tara kuɗin shiga kawai, suna ɗora masa adadin da zai kawo ba tare da tambayar ko dajin zai iya ba. Wanda ya aiki mutum ba guzuri yana da kaso a abin da ya biyo baya. Sai dai mu tambaya, wa ke biyan cin hancin? Ba gwamnatin da ta hana alawus ba ce. Dajin ne ke biya, da ƙauyen da rijiyarsa za ta ƙafe, da matan da tafiyar neman itace za ta ƙara musu nisa. Wanda aka zalunta a sama ya rama a kan na ƙasa da shi, bai rama ba, ya ƙara yawan waɗanda aka zalunta ne. Sannan akwai mafi ƙarancin amana wadda ba ta buƙatar ko lita ɗaya ta mai: kada ka sa hannu a kan abin da ba ka gani ba. Wanda ba shi da babur yana iya rubuta cewa bai samu zuwa ba, kuma ga dalili. Wannan rahoto ya fi amfani ga ƙasa fiye da na ƙarya mai cewa komai lafiya, don shi ne zai nuna inda ɓaraka take. Game da abin da ake kira na goro kuwa, addinan mutanen Kaduna duka sun rufe ƙofar. An ruwaito yadda Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya tsawatar wa mai karɓar zakka da ya ware wani abu ya ce kyauta aka yi masa, ya nuna cewa da a gidan iyayensa ya zauna da ba wanda zai kawo masa. A cikin Linjila, Yahaya mai baftisma ya hori masu karɓar haraji kada su karɓi fiye da abin da aka ƙayyade, sojoji kuma su wadatu da albashinsu. Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ya lissafa gaisuwar da ake kai wa masu mulki cikin munanan al'adun da ya soka a Kitabul Farƙi. Kundin tsarin mulki na 1999 ma, a jadawali na biyar, ya hana ma'aikacin gwamnati karɓar kyauta saboda aikinsa, ya hana shi sa kansa inda son ransa zai yi karo da aikinsa. Malamin dajin da ke da injin yanka a hannun ƙaninsa, ko hannun jari a wurin tsaga katako, ya zama mai dokar barci da ya ɓuge da gyangyaɗi.

Wani kuma zai ce, ai babbar ɓarna daga sama take zuwa. Dokar mallakar ƙasa ta 1978 ta danƙa filayen jiha a hannun gwamna, kuma gwamnati tana da ikon cire wani yanki daga gandu ta ba da shi don gidaje ko gona ko masana'anta. Ƙaramin ma'aikaci ya isa ya hana? Bai isa ba, kuma ba a ce ya yi tawaye ba. Shugabannin da aka zaɓa su ke da yanke hukunci, wani lokaci ma buƙatar jama'a tana iya rinjayar ta daji da gaske. Abin da ke wuyan masani shi ne ya faɗi abin da iliminsa ya nuna masa, a rubuce, kafin a yanke: wannan yanki shi ke riƙe da mafarin rafi kaza, idan aka share shi ga abin da zai biyo baya. Idan umarni ya zo ta waya, ya nemi a rubuto. Idan za a cire fili daga gandu, a bi hanyar da doka ta shimfiɗa, a buga a gazet kowa ya gani. Babban mutum yakan yi nauyin baki idan aka ce ya sa hannu da kansa, shi ya sa yake neman ƙaramin da zai sa masa. Takardar shawarar da aka ajiye a fayil tana iya kwana shekara ashirin, ranar da aka zo bincike ita za ta raba mai gaskiya da mai laifi. Amma gaskiya ne mutum ɗaya yana da sauƙin murƙushewa, a tura shi wani lungu ko a danne masa ƙarin girma. A nan ne ƙungiyar sana'a take da aiki. Ƙungiyar masana gandun daji ta Amurka ta rubuta wa 'ya'yanta ƙa'idojin ɗa'a tun 1948. Tamu ta Nijeriya tana nan tun 1970. Abin da za a auna ta da shi abu biyu ne: ta tsaya wa ɗanta da aka matsa wa don ya ƙi sa hannu a kan ƙarya, ta kuma juya wa wanda ya sayar da tambarinsa baya a bainar jama'a.

Uwargida a Kurmin Mashi ita ma tana da tata tambayar: gas ya yi tsada, kananzir ya fi ƙarfinmu, in kun tsananta da me za mu dafa tuwo? Tambaya ce mai nauyi, kuma amsarta ita ce aikin daji bai taɓa nufin hana sara ba. Girbi ne, irin na gona, sai dai kakarsa tana da nisa. Tashar binciken dazukan yankinmu da aka buɗe a Samaru ta Zariya a 1964, da gonakin gwaji na Afaka, sun daɗe da nuna cewa itacen turare yana yi a ƙasarmu, kuma idan aka sare shi kututturen yana sake toho a sake girba. Ga busasshen itace, ga rassan da ake sassabewa. Aikin ma'aikaci nagari ya haɗa da sauƙaƙa wa mutane halattacciyar hanya, mai araha, marar jeka-ka-dawo, domin idan samun izini ya fi ba da cin hanci wahala, an riga an zaɓa wa mutane. Kuma mu tuna talaka yana ɓangare biyu na wannan ciniki. A yadda ake gasa gawayi a rufe da ƙasa, buhu ɗaya yakan ci itacen da ya ninka nauyinsa sau biyar zuwa goma. Idan ƙirya da marke suka ƙare aka koma kan ɗorawa da kaɗanya, an rage wa matar birni kuɗin girki na mako guda, an kuma raba matar ƙauye da daddawa da man kaɗen da take ciyar da 'ya'yanta da su shekara da shekaru.

Uzuri mafi ƙarfi shi ne na tsaro, kuma mu nan ba labari aka ba mu ba. A daren 11 ga Maris 2021 'yan bindiga suka shiga Kwalejin Gandun Daji ta Tarayya da ke Afaka, nan bayan Mando, suka tafi da ɗalibai 39. Na ƙarshensu ba su dawo ba sai 5 ga Mayu. Yaran da ake koya wa tsaron daji, su aka kora cikin daji. Dajin Kamuku na Birnin Gwari, wanda aka keɓe tun 1936, aka ɗaga shi zuwa gandun ƙasa a 1999, mai faɗin murabba'in kilomita wajen 1,120, ya shafe shekaru sunansa yana fitowa a labaran garkuwa da mutane. Babu mai hankalin da zai ce dogarin daji da sanda ya je ya tari mai bindiga, rai ya fi itace. Amma wannan hali ƙara wa alƙalami nauyi ya yi. Dajin da ma'aikaci ba ya iya shiga ya duba, da wace hujja zai ba da izinin sara a cikinsa? Idan motar katako ta fito daga inda hukuma ba ta iya taka ƙafa, hankali ya isa ya gaya mana cewa sai da yardar masu riƙe da wurin ta fito, kuma yardarsu ba kyauta ba ce. Tambarin da aka buga wa irin wannan kaya ya wanke kuɗin da zai koma harsashi. A watan Mayun 2025 gwamnatin tarayya ta amince da ɗaukar dogaran daji masu makamai don ƙwato dazukan ƙasar. Mataki ne da ake buƙata. Sai dai bindiga ba ta gyara hali. Idan aka ba da ita ga wanda ba a koya wa amana ba, ba a kuma biya shi a kan kari ba, an ƙara shinge ɗaya ne a hanya inda direba zai miƙa hannu.

Saura mu da ke wannan gefen hanyar, domin idan ɓera da sata, daddawa ma da wari. Babu ma'aikacin da ke karɓa sai da mai bayarwa. Dillalan katako da na gawayi da masu gidajen burodi na Kurmin Mashi da kewaye, ku nemi takardar kayan da ake sauke muku, ku duba ko adadin da ke jikinta ya yi daidai da abin da ke cikin mota. Dokar haraji ta Jihar Kaduna ta 2016 ta hana karɓar kuɗin gwamnati a hannu, saboda haka duk wanda ya ce ku ba shi tsaba ba rasit, ku sani ba asusun jiha za su ba. Masu unguwanni da dagatai na ƙauyukan da ke gefen gandu, ku san inda turakun iyaka suke, ku nuna wa matasanku. Ku kuma ɗalibanmu na Afaka da za ku karɓi wannan aiki gobe, ranar da aka fara turo muku takarda aka ce ku sa hannu kawai, an riga an duba, ku ce a ba ku lokaci ku je ku gani da idonku.